Yadda Ake Yini a Tudun Yashin Zanzibar a Dawo Lafiya

Gaɓoɓin da suka fi tsabta da kwanciyar hankali a Zanzibar, tsibiran da ke ƙasar Tanzaniya, ba a kai musu da mota. Tudun yashi ne a tsakiyar teku, ko ƙananan tsibirai da ba kowa a kansu, kuma sai da kwale-kwale. Wasunsu ma ba kullum suke nan ba. Da hantsi za ka ga farin rairayi ya miƙe, kafin la'asar teku ta shanye shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Don haka duk shirin wannan tafiya a kan abu ɗaya ya rataya: yaushe ruwa zai janye, yaushe zai dawo. Wanda ya fara tambayar kuɗin jirgi kafin ya tambayi lokacin ruwa, ya fara ta baya.

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Chadi ya sani cewa bizar Tanzaniya ba a ba shi ita a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira amincewa. Ana kuma neman katin rigakafin shawara, sannan tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar da gwamnatin tsibirin ta wajabta, dala 44. Wannan shirin shiga ƙasa ne. Abin da ke tafe na ranar fita teku ne.

Ina za a dosa

Mafi kusa da tsohon birnin, wato Stone Town, shi ne Nakupenda. Tudun yashi ne zalla, ba bishiya, ba gini, tafiyar minti 20 zuwa 30 a kwale-kwale mai inji daga gaɓar da ke kusa da Forodhani, dandalin bakin teku na birnin. Kusancin nan ne ya sa yake cika da jama'a da tsakar rana, musamman a watannin baƙi. Mai son ya same shi shiru sai ya yi sammako. Yawancin masu jirgi kan haɗa shi da tsibirin Changuu, mai nisan kilomita biyar da rabi daga birnin, inda Turawan Ingila suka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara. A can ne manyan kunkuran nan suke, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko a 1919. Yara suna son wurin. Amma idan kaɗaici kake nema, Changuu zai cinye maka sa'o'i biyu mafi kyau na safiya, don haka ka fara da tudun yashi, ka biya ta wajen kunkuru a hanyar dawowa.

Wanda ya fi son nisa da mutane ya nufi Fumba, ƙauyen da ke kudu da birnin, tafiyar kusan minti 40 a mota. Daga nan ake shiga yankin Menai, wanda aka keɓe don kare halittun teku a 1997. Tsibirin Kwale shi ne zangon da manyan ayarin masu yawon buɗe ido suke cin abinci. Pungume ya fi nisa, ya fi shiru, kuma ya fi cin mai. Akwai kuma Chumbe, amma shi sai an yi rajista tun kafin ranar, domin an iyakance yawan masu shiga. Mnemba da ke arewa maso gabas kuwa, duk wanda ya ce zai sauke ka a kan tsibirin bai faɗa maka gaskiya ba: na masu wani masauki ne, baƙon yini a ruwan da ke kewaye kawai yake tsayawa.

Karatun ruwa

A wannan gaɓa teku kan cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin janyewa da cika akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ma'ana, idan abokinka ya je ranar Litinin ya sami yashi a buɗe da ƙarfe goma, kai da za ka je Juma'a lissafinsa ba zai yi maka aiki ba.

Wata ne ke jan ruwan, saboda haka wanda ya saba ƙirga kwanan wata yana da sauƙi a nan. Daga tsayuwar wata zuwa kwana 3, da kuma daga 14 zuwa 17, ruwa yana yin babban motsi: ya cika maƙil, ya janye nesa. Mutanen tsibirin suna kiran waɗannan kwanaki bamvua, kuma tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita uku da rabi zuwa huɗu. A irin waɗannan ranaku janyewar takan faɗo wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na safe, cikar kuma wajen huɗu zuwa biyar na yamma. Ranakun tudun yashi ke nan. A wajen 7 zuwa 9 ga wata, da 22 zuwa 24, motsin kaɗan ne, bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma lokacin yana juyewa: ruwa na sama da hantsi, sai da yamma yake sauka. Su suna ce masa maji mafu. Za ka iya zuwa, amma yashin da za ka samu ɗan tsiriri ne, kowa da kowa a cunkushe a kai.

Kwanan wata zai ba ka ranar. Jadawalin ruwa na tashar Zanzibar, wanda ake samu a intanet kyauta, shi zai ba ka sa'ar. Ka duba da kanka, ka tabbata na Zanzibar ne kuma da agogon Tanzaniya, wanda yake gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya dawowa da sauri iri ɗaya. Masu tuƙin jirgi suna raba tazarar gida goma sha biyu. A awa ta farko bayan janyewa kashi ɗaya ne ke dawowa, a ta biyu kashi biyu, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sai biyu, sai ɗaya. A ɗauka ruwa ya kai ƙarshen janyewa da 10:45, tazarar ranar kuma mita 3.6 ce. Zuwa 11:45 santimita 30 kacal ya hau, ba wanda zai lura. Zuwa 12:45 ya kai 90. Daga nan sai ya ƙara santimita 90 a awa guda, ya sake ƙara wasu 90 a awa ta gaba. Tudun yashi kuwa kwance yake. Idan gangarensa mita ɗaya ne a kowane mita 30, hawan santimita 90 zai cinye mita 27 na busasshen wuri ta kowane gefe cikin awa ɗaya. Mutum ya shimfiɗa tabarma nesa da ruwa, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, sai ya farka takalmansa na yawo a kan teku. A waɗannan sa'o'i biyu na tsakiya ne kuma jan ruwa ya fi ƙarfi, musamman a bakin tudun ta ƙarshensa biyu inda ruwa ke matsewa ya wuce.

Saboda haka a rana irin wannan, a bar gaɓa da 7:30 ko 8:00, a yi wanka da kallon kifi tsakanin 10:00 da 11:30 lokacin da ruwa ya lafa, a ci abinci, a yi Azahar, a kwashe kaya kafin ƙarfe biyu.

Iska ita ce ta biyu. Daga Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ana kiran ta kaskazi. Daga wajen Mayu zuwa Satumba sai ta juyo daga kudu, ita ce kusi, kuma ta fi ƙarfi a Yuni, Yuli da Agusta. Kowacce daga ciki takan ƙara ƙarfi bayan Azahar, shi ya sa tafiyar safe takan yi laushi, dawowar yamma kuma ta zama ta jijjiga da feshin ruwa. Damina babba daga tsakiyar Maris ce zuwa ƙarshen Mayu, ƙarama kuma a Nuwamba. Idan ka tsaya a gaɓa da safe ka hangi farin kumfa ya bazu a kan igiyoyin ruwa can ciki, kuma kana tare da yara ko tsofaffi, ka ɗaga tafiyar. Asarar kafin alƙalami ba komai ba ce.

Jirgi da matuƙi

A Forodhani 'yan kamasho za su tare ka tun kafin ka ga jirgi. A can ana ce musu papasi. Ba laifi ba ne su nemi na abinci, amma cinikinka da mai jirgi ne. Ka je da yammacin ranar da ta gabata, ka ce a nuna maka jirgin da matuƙin da za su kai ka, ba wani mai kama da shi ba.

Ka ƙirga rigunan kariya daga nutsewa da hannunka, kowane mutum ɗaya, ka ja maɗaurinsu ka ga ba su ruɓe ba. Rigar babba ba ta yi wa yaro: da ya faɗa ruwa za ta haye kansa ya zame ta ƙasa. Idan babu ta yara, a nemo ko a fasa. Ka duba akwai anka da doguwar igiya, akwai abin kwashe ruwa, akwai rumfa a kan jirgin, matuƙin yana da waya mai caji da yaron jirgi. Batun mai, ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, domin dawowa gaba da iska ta fi shan mai. Ka ce a nuna maka jarkar ajiyar. Injin irin wannan jirgi abubuwa uku ne suka fi kashe shi: ruwa a cikin fetur, fulogi da ya yi baƙi, da igiya ko leda da ta naɗe farfela. Matuƙin da ke da fulogi na canji da sifana a cikin gwangwani ya san aikinsa. Kada ka yarda a ƙaro wasu fasinjoji a kan adadin da kuka yi magana. Mun ga abin da lodin wuce kima yake jawowa a kogunanmu na Neja da Kebbi da Sakkwato, kuma su ma mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, a Satumban 2011 ba.

A wajen ciniki a fayyace komai: kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ko na kowane kai, ya haɗa da kuɗin shiga yankin da aka keɓe da na Changuu ko bai haɗa ba, da abinci, da tabaran kallon ƙarƙashin ruwa, da rumfar da za a kafa a kan yashi. Ka ba da rabi, sauran sai an dawo. Sharaɗi mafi girma shi ne jirgin ya zauna tare da ku. Wasu kan sauke mutane su koma ɗauko wasu, su ce za su dawo da ƙarfe kaza. Idan injinsa ya mutu a can, ku kuna kan yashin da ruwa ke ci. Wannan ba abin sassauci ba ne ko da za a rage maka rabin kuɗi.

Ka kula da yadda ake faɗin lokaci. Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka saa moja asubuhi ƙarfe bakwai ne na safe, saa mbili ƙarfe takwas, saa nane mchana ƙarfe biyu na rana. Ka rubuta lokacin da lambobi a waya, ka nuna masa a agogo, ku amince a kan abu ɗaya. Ka bar sunan matuƙin, lambarsa, inda za ku, da lokacin dawowa a wurin mai masaukinka.

Guzuri

Ruwan sha lita uku ga kowane babba, lita biyu ga yaro, sannan a ƙara lita biyar na gaba ɗaya don wanke ciwo da ɗauraye fuska. Iskar teku tana busar da gumi nan take, mutum ba ya jin yana zufa sai ciwon kai ya kama shi. A riƙe ƙunshin gishirin ORS. Idan babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wasu kwalaben a daskarar da su tun dare, su yi aikin ƙanƙara a cikin kula, in sun narke a sha.

Dafaffiyar shinkafa, taliya, nama da duk abin da aka sa mayonis ba sa jure zafin nan. Abin da ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32, a bar shi. Dabino, gyaɗa, biredi, kilishi idan an zo da shi, ayaba, abarba da kankana da ba a yanka ba, su ne abokan wannan tafiya. Yawanci masu jirgi kan gasa kifi a kan yashi, da jatan lande, da ƙaguwa, da pweza mai hannuwa takwas. Ta fuskar halacci babu damuwa, mazhabar Malikiyya ta halatta duk dabbar teku. Damuwar ta jiki ce. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, kada ya fara gwadawa a wurin da asibiti ke da nisan tafiyar jirgi. Wasu jikinsu ba ya karɓa, leɓe ya kumbura, numfashi ya toshe cikin mintuna. Ya fara ɗanɗanawa a cikin gari, ko ya tsaya a kifi. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa: doka ta hana, kuma yakan ɗauki guba da dafuwa ba ta kashewa. A Maris 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a Pemba bayan sun ci shi.

Rana a nan ta bambanta da wadda aka saba da ita a gida, ba don ta fi zafi ba, sai don farin yashi da ruwa suna maido da haskenta daga ƙasa, kuma babu inuwa ko ta tafin hannu. Baƙar fata ma tana ƙonewa, ta yi zafi da dare, ta saɓule bayan kwana uku. A shafa man kariya mai lamba 30 zuwa 50 minti 20 kafin a fita, kimanin mililita 30 ga jikin babba, a maimaita duk awa biyu da kuma bayan an fito daga ruwa. Wuraren da ake mantawa su ne bayan wuya, kunnuwa, saman ƙafa da bayan gwiwa. Zabiya, da mai shafa man bilicin, da mai shan doxycycline don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, fatarsu ta fi saurin ƙonewa. Su zauna a rumfa, su sa riga mai dogon hannu da malafa.

Sai takalmin roba mai rufe ƙafa da tafi mai kauri, ga kowa har yara. Silifas ba ya zama a ƙafa cikin ruwa. Sai fulas cike da ruwan zafi da ƙaramar roba da ƙafa za ta shiga, hantsaki, sabulu, aidin, bandeji, farasitamol da maganin ƙaiƙayi. Waya da kuɗi a jakar da ruwa ba ya shiga, kuɗin kuma shilin ƙanana. Kada a zo da baƙar leda: Tanzaniya ta haramta ta tun 1 ga Yuni 2019, Zanzibar ma ta riga ta. A zo da jakar yadi ko buhu don kwaso shara.

Mai jin jiri a mota zai ji a jirgi. Ya sha maganin amai minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, ya san kuma yana sa barci. Ya ci abu mara maiƙo, ya zauna a tsakiyar jirgi, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da teku, ya ajiye waya. Tauna ɗanyar citta na taimaka wa wasu.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: a tudun yashi babu banɗaki, babu ko abin fakewa. A kewaya kafin a shiga jirgi, a kai yara su ma. Idan akwai mata da yawa ko tsofaffi a tafiyar, tsibiri mai bishiyoyi irin Kwale ya fi musu sutura.

A kan yashi

A Fumba, idan ruwa ya ja, jirgi ba ya iya matsowa, sai an taka cikin ruwa da kan duwatsu masu kaifi kafin a kai gare shi, don haka takalmin a ƙafa yake tun daga mota. Wajen sauka, a jira inji ya mutu, a sauka ta gefe ko ta gaba, ban da ta baya inda farfela take.

Ka kafa rumfa a wuri mafi tudu. Za ka gane shi da bushewar yashi da layin ciyawar teku da ruwan jiya ya bari. Turakun rumfa ba sa kama yashi idan an soka su a tsaye. A ɗaura igiya a jikin itace ko jakar da aka cika da yashi, a binne a kwance kimanin santimita 40. Sannan ka soka sanda a daidai bakin ruwa, ka riƙa matsar da ita gaba muddin ruwa na janyewa, ka riƙa dubawa. Da ruwa ya wuce sandar, ya juyo ke nan, lissafin awa ya fara. Shi ma matuƙi ya riƙa matsar da jirgi baya yayin da ruwa ke janyewa, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan yashi, kuma idan wani ya ji ciwo a lokacin babu yadda za a fita da shi sai ruwa ya dawo.

Alwala da ruwan teku ta inganta. Hadisin Abu Huraira ya tabbatar cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, don haka ba sai an taɓa na sha ba. Alƙibla ce ke rikitar da mutanenmu. Mun saba fuskantar gabas, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, saboda haka alƙibla a can arewa take. Idan kana Nakupenda ko Menai, ka sa mafitar rana a hannun damanka. Azahar na shiga tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon watan, lokacin da akwai sauran fili a ranar bamvua. La'asar a gari za a yi ta.

Taurarin teku da ake gani a kan yashi a bar su cikin ruwa; ɗaga su sama don hoto kan iya kashe su. Kada a taka murjani, kada a ɓalle shi. Katantanwar teku mai siffar mazurari da zane mai kyau a bayanta kada a ɗauka ko a sa a aljihu, domin wasu irinta suna da harbi mai dafi da kan iya kisa.

Cikin ruwa

Yawancin masu zuwa daga arewa ba su iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko dam ya koya, inda ruwa ba ya tafiya. Wanda bai iya ba ya sa rigar kariya ko da a ruwan gwiwa ne, kada ya wuce ƙugu. Gefen tudun yashi yakan yi kwance na 'yan taku sannan ya zurma gaba ɗaya; inda launin ruwa ya sauya daga fari-fari zuwa shuɗi mai duhu, nan ne bakin ramin. A yi wanka a tsakiyar tudun ta gefen da iska ba ta bugawa, a nisanci ƙarshensa biyu. Idan ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, za ka gaji kafin ya gaji. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya, ka riƙa ratsawa ta gefe. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ya bi shi. A jefa masa riga ko jarka mara komai, a tura jirgi.

Abaya, dogon hijabi, zani da babbar riga idan suka sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa, suna iya rufe fuska. Mace za ta iya suturta jikinta tsaf ba tare da wannan haɗari ba: dogon wando, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, ƙaramin hijabi da aka cusa cikin wuyan riga, duka na yadi mara shan ruwa, sannan rigar kariya a sama. Mutanen tsibirin Musulmi ne, ba wanda zai kalle ta.

Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, kuma abin bai kai minti ɗaya ba. A naɗa babba ɗaya da aikinsa kallon yara kawai, ba waya, ba hira, a riƙa canza shi duk minti 20. Idan aka ce kowa na kallo, to ba mai kallo.

Idan an ji ciwo

Abin da ya fi faruwa shi ne taka bushiyar teku, baƙar halittar nan mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a jikin duwatsu. Ƙayar tana karyewa a cikin fata. A nan fulas ke aiki: a sirka ruwan zafi ya kai yadda lafiyayyar ƙafa za ta iya jurewa, wajen digiri 40 zuwa 45, a gwada da ita tukuna, sannan a tsoma mai ciwon minti 30 zuwa 90, ana ƙara ruwan zafi. A zare ƙayoyin da suka fito da hantsaki, a miƙe, ba a murɗawa. Kada a tona da allura ko reza, ƙayar rugujewa take yi. Wadda ta shiga gaɓa ko ta yi zurfi, aikin likita ce.

Akwai kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, yana da ƙaya a wutsiya. Maganinsa a riƙa jan ƙafa a ƙasa ana tafiya, ba a ɗaga ta ana dirawa ba, sai ya ji motsi ya gudu. Akwai kuma kifin dutse, wanda ba a bambanta shi da dutsen da yake kwance a kai, kuma zafin harbinsa ba ya misaltuwa. Duka biyun taimakon farko ɗaya ne, ruwan zafi, amma a kama hanyar asibiti nan take ana jiƙa ƙafar a cikin jirgi. Ba a ɗaure ƙafar, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Babban asibitin gwamnati a birnin shi ne Mnazi Mmoja.

Halittar nan mai yauƙi da zare-zare masu harbi idan ta taɓa mutum, a wanke wurin da ruwan teku. Ruwan sha da gogawa da yashi suna fasa sauran ƙwayoyin dafin da ke manne a fata, zafin ya ƙaru. A cire zaren da hantsaki, sannan a sa ruwan zafi. Idan numfashi ya yi wuya, fuska ta kumbura, ko mutum ya fara ruɗewa, a tashi a lokacin. Haka wanda zafin rana ya buga har ya rikice ko ya daina gane mutane: a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a tafi.

Dawowa

Rana na faɗuwa tsakanin 6:15 da 6:50 duk shekara, kuma duhu na rufewa cikin minti 20 zuwa 25. Yawancin ƙananan jiragen nan ba su da fitila, ga manyan jiragen Dar es Salaam suna shiga da fita ta bakin tashar. A sa a rai cewa ƙarfe huɗu kowa ya dawo gaɓar da aka tashi. Hakan ya bar awa biyu na haske ko da inji ya ba da matsala. Kafin a tashi a ƙirga mutane da suna, a kwashe shara har da bawon kankana, a kashe garwashi da ruwa maimakon a binne shi, domin yashi yana riƙe zafi wani ya taka. Masu nauyi su zauna a tsakiya, ba mai tsayawa, kowa da rigarsa a ɗaure har sai ƙafa ta taka ƙasa.

A masauki a wanke duk wani ƙwarzane da sabulu da ruwa mai yawa, musamman yankan murjani, wanda kan bar ɓurɓushi a cikin fata ya ƙi warkewa. A sa aidin, a bar shi ya bushe. A ɗauraye tabarau, takalma da zik ɗin jaka da ruwan famfo kafin gishiri ya ci su. Kwana biyu zuwa uku a riƙa duba ciwon. Idan ja ya fara bazuwa, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti a ranar, musamman mai ciwon sukari ko ciwon hanta. In kuma an riga an koma gida, a gaya wa likita a fili cewa a ruwan teku aka ji ciwon, domin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa daban suke kuma maganin da za a zaɓa ya danganta da hakan, sannan a tambaye shi ko allurar tetanus ɗinka tana nan da aikinta.